Wa Zai Adana Dariyarmu? Tarken Shirin John Wilson Daga Bakin Dajin Birnin Gwari

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zango wani tsohon ɗalibinmu da ke karatu a Zariya ya kawo mana ziyara, ya tura mana wani shirin talabijin na Amurka a waya, ya ce lallai mu kalla, wai zai taimake mu wajen koyar da insha'i. Mun karɓa ne kawai don kada mu gwale yaro. Sai ga shi cikin mako biyu mun kalli shirin kakaf, har da maimaici. Sunan shirin How To with John Wilson, wato kamar a ce "Yadda ake kaza tare da John Wilson". Gidan talabijin na HBO ne ya nuna shi daga 2020 zuwa 2023, zango 3, kowane zango kashi 6, jimla kashi 18 ke nan, kowane kashi bai wuce kimanin rabin sa'a ba.

Maƙasudin wannan ɗan tarke shi ne mu duba zubi da jigon shirin, mu auna shi da wasannin ban dariya na talabijin da muka tashi muna kallo a ƙasar Hausa, sannan mu yi wa kanmu tambayar da ta hana mu sakat tun da muka gama kallo: mu mutanen Birnin Gwari, waɗanda ba a ɗaukar hotonmu sai ranar da aka kashe wani ko aka sace wani, wa zai adana sauran rayuwarmu?

Zubi da Tsarin Shirin

Shirin ba wasan kwaikwayo ba ne. Shiri ne na gani-da-ido, wanda babu 'yan wasa a cikinsa. John Wilson yakan rataya kyamararsa ya shiga titunan birnin New York yana ɗaukar duk abin da idonsa ya faɗa a kai: wani na barci a jirgin ƙasa, wata na fama da kaya a bakin titi, ɓera na jan abin da ya fi ƙarfinsa, allon talla da harafi ɗaya ya goge har ma'anarsa ta juye. Da wuya mai kallo ya ga fuskarsa. Muryarsa kawai ake ji, murya mai in'ina da inda-inda kamar ta wanda aka tsayar gaban alƙali, yana yi wa mai kallo bayanin yadda ake gudanar da wani ɗan ƙaramin al'amari na yau da kullum.

Kowane kashi yana da take irin na littafin koyi-da-kanka: yadda ake 'yar hira da baƙo, yadda ake rufe kujeru, yadda ake raba kuɗin abinci idan an ci tare, yadda ake samun makewayi a cikin gari. Dabarar ban dariyar tana tsakanin abin da kunne ke ji da abin da ido ke gani. Alal misali, zai ambaci dangantakar da ta lalace, a daidai lokacin kuma a hasko wani abu da ya tarwatse a kan titi. Ba ya tsayawa ya fassara, mai kallo ne ke haɗawa da kansa. Wannan shi ne abin da masu nazarin adabinmu ke kira hannunka-mai-sanda, sai dai a nan hoto ne ke yin nunin.

Abu na biyu game da zubin shi ne bauɗiya. Ba a taɓa ƙare kashi a inda take ya nufa ba. Wilson zai tambayi wani mutum abu kaza, mutumin ya ambaci wani abu dabam, sai kawai ya bi shi, wani lokaci har wata jiha. Da farko mun ɗauka sakaci ne, irin wanda muke ja wa ɗalibai jan layi a kansa mu rubuta "ka saki jigo". Daga baya muka lura cewa duk nisan da ya yi yakan dawo, kuma abin da ya tsinto a hanya shi ke ba taken nauyin da ba shi da shi a farko. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya san irin wannan tafiya, inda neman ruwan ya zama dalilin zaga garuruwa da ganin halayen mutane.

Jigo

Kashi biyu sun isa misali. Na farko shi ne wanda ya yi a kan rumfunan ƙarfe da katako da ake kafawa a gindin dogayen gine-ginen New York don kare masu wucewa. Asalin dokar da ta yawaita su shi ne mutuwar wata ɗaliba a 1979, wadda ɓallin gini ya faɗo mata a ka. An kafa rumfunan a matsayin abu na wucin gadi, amma wasu suka shekara da shekaru a tsaye, har mutane suka manta yadda titinsu yake kafin zuwansu. Daga nan Wilson ya gangaro kan jigonsa, wato yadda ɗan Adam kan kafa wa kansa kariya ta ɗan lokaci, ta zame masa gidan zama. Ba sai an yi wa mutumin Birnin Gwari dogon sharhi a kan wannan ba. Mun san shingayen bincike da aka kafa "kafin abubuwa su lafa", mun san iyalan da suka baro ƙauye suka sauka a zauren ɗan'uwa "na kwana biyu", har yaran da aka haifa a zauren suka isa shiga firamare.

Na biyu shi ne kashin ƙarshe na zangon farko. Wilson yana haya a gidan wata tsohuwa da ke dafa masa abinci tana yi masa wanki kamar ɗanta, sai ya ƙudura koyon wani dafa-dukan shinkafa na mutanen Italiya don ya rama mata alheri. Yana cikin ƙona tukwane annobar korona ta 2020 ta rufe birnin, ya zama ko kusantar tsohuwar ba ya iya yi don gudun kada ya shafa mata cuta. Babu kiɗan tausayi, babu jawabi a kan annoba. Layin mutane a kanti kawai muka gani, da tituna fayau, da kwanon abinci da ba a iya miƙawa hannu da hannu. A ganinmu wannan kashi ya adana yadda kwanakin nan suka kasance fiye da rahotanni masu yawa da ke ɗauke da alƙaluman mamata. Jigon shirin gaba ɗaya ke nan: kaɗaici a cikin taro, da ƙoƙarin da mutane ke yi na kusantar juna ba tare da sun san ta inda za su fara ba.

Mu Ma Mun Taɓa Yin Irinsa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kallon rayuwar yau da kullum da idon raha baƙon abu ne a wurinmu. Tashe da yara ke yi a watan azumi, irin su Tsoho da Gemu da Jatau Mai Magani, kwaikwayon mutanen unguwa ne waɗanda kowa ya sani. 'Yan kama sukan ɗauki salon karatun malamai su juya shi kan tuwo da miya, malaman kuma su yi dariya tare da kowa. Da talabijin ya zo Kaduna a 1962, sannan aka kafa NTA a 1977, wannan gado ne 'yan wasanmu na farko suka shiga da shi gaban kyamara.

Ɗauki Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Nuwamba 2023. Mutumin nan tsohon soja ne na gaske, saboda haka barikin da ya nuna mana bariki ne da ya zauna a ciki. Hausar da yake yi, mai gauraye da Turancin buroka da kalmomin fareti, ita ce Hausar da ake ji a barikokin Kaduna da Zariya. Duk wanda ke son sanin yadda ƙaramin soja ke zaune da iyalinsa bayan yaƙin basasa, yadda yake bashi kafin ƙarshen wata, yadda yake rusuna wa na sama ya huce a kan na ƙasa, zai fi samunsa a Samanja fiye da littafin tarihi. Haka marigayi Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya yi a Karambana, inda ya zana mana mutumin da ba ya ganin abu ya wuce bai tsoma baki ba. Haka Karkuzu na Bodara ya yi daga Jos. Waɗannan wasanni ne shiryayyu, amma idon da ya shirya su ido ne na mai lura. Dariyar da muke yi a lokacin dariyar ganewa ce: kowa yana da Karambana a unguwarsu, wani ma a cikin gidansu.

A fagen rubutu ma haka abin yake. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan cike suke da maganganun da marubutan suka tsinta a bakin mutane. Shi kuwa Abubakar Imam, haifaffen Kagara, maƙwabtanmu ta hanyar Tegina, da ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya nuna cewa ana iya ba da labarin gaskiya da raha ba tare da an ƙara gishiri ba.

Inda Aka Saki Hanya

Tun daga fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan bidiyo suka karɓe fagen daga gidajen talabijin na gwamnati, waɗanda kuɗin shirya wasanni ya yi musu ƙaranci. Ba mu cikin masu kushe wannan harka ɗungurungum. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, mutum ne mai baiwa, kuma a finafinansa masu kyau ya tsaya a matsayin talakan da duniya ke wasa da hankalinsa shi ma yana wasa da nata. Amma kasuwar camama, mai buƙatar sabon fim kowane mako, ba ta bar wa kowa lokacin lura ba. Da lura ta yi ƙaranci sai aka koma ga abin da ya fi sauƙi: ihu, guje-guje, duka da gora, da kwaikwayon harshen wasu ƙabilu.

A nan ne abin ya taɓa mu kai tsaye. Ɗan Gwari na finafinan barkwanci, mai karyayyar Hausa da fahimtar komai a baibai, ya zama sananne har yaran birni suka ɗauka haka Gwarawa suke. Wani zai ce ai wasa ne, kuma Samanja ma da karyayyar Hausa ya yi suna. Bambancin a fili yake. Samanja shi ne babban tauraro, ta idonsa muke kallon bariki, kuma mai wasan ya san rayuwar daga ciki. Ɗan Gwari kuwa daga waje ake kallonsa, an kawo shi ne don a yi masa dariya. Wasan barkwanci na gargajiya, irin na Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi, yana da sharaɗi guda, wato wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. A fim an hana shi wannan baki. Mu da muke cin kasuwa ɗaya da Gwarawa, muke koyar da 'ya'yansu a aji ɗaya da namu, mun san manomin doyar da zai yi wa ɗan birni lissafi a ka kafin ya gama lalubo wayarsa. Ba mu taɓa ganin wannan mutum a fim ba.

Dole mu yaba wa Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, domin ya dawo da unguwa da mutanenta gaban kyamara, har da 'yan gudun hijira da masu shaye-shaye. Sai dai garin Daɗin Kowa ƙagaggen gari ne, kuma sau da yawa darasin da ake son koyarwa yakan riga labarin isowa.

Inda Shirin Wilson Ya Gaza

Tarke ba ya cika sai an faɗi aibi. Na farko, akwai wurare a shirin da tsiraici da batsa suka fito ƙuru-ƙuru, waɗanda ba za mu iya kallo da iyali ba, balle mu nuna wa ɗalibai. Ko da an ajiye batun al'ada gefe, wasu daga cikinsu ba su ƙara wa jigo komai ba, an sa su ne don a girgiza mai kallo.

Na biyu, ba kullum ne Wilson ke tsira daga laifin da muka ɗora wa masu camama ba. Yana da son zuwa tarukan mutane masu baƙin ra'ayi, kamar masu shirin a daskarar da gawarsu don a tashe su nan gaba. Mafi yawan lokaci yakan saurare su har mai kallo ya daina dariya ya fara tausayi, wanda shi ne ƙarfin shirin. Amma akwai inda aka bar mutum yana zuba, kyamara na kallonsa, ba abin da aka nema illa mu ce wannan ya zautu.

Na uku shi ne batun gaskiya. A zango na uku shi da kansa ya amsa cewa akwai hoton da ya shirya a baya ya gabatar kamar tsintarsa ya yi. Amsa laifin abin yabo ne, amma ya tuna mana cewa mai tace hoto yana da ikon da ya fi na mai ƙaga labari haɗari, tun da shi mai kallo ya riga ya sallama cewa gaskiya ake nuna masa.

Na huɗu, wanda ya fi damunmu, shi ne cewa irin wannan shiri ɗan zaman lafiya ne. Wilson yana yawo da kyamara dare da rana, iyakar abin da zai same shi a kore shi daga kanti. Wanda ya ɗaga kyamara a tashar mota a Birnin Gwari a shekarun da suka wuce, kafin ya sauke ta an fara tambayar wa ya aiko shi. Fuskar da ta fito a hoto tana iya jawo wa mai ita a kira shi infoma, ko ta nuna wa na cikin daji cewa yana da abin biyan fansa.

Abin Da Kyamara Ba Ta Ɗauka Ba

Duniya ta san mu da dajin Kamuku da na Kuyambana, da hanyar Kaduna ta Buruku mai kimanin kilomita 120, wadda ta zama abin tsoro har matafiya suka riƙa zagayawa ta Funtuwa da Zariya. An ji labarin malamai 3 da aka sace a makarantar firamare ta Rama a Maris 2021. An ji yadda a ƙarshen wannan shekara aka rufe layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako da hawan babur da sayar da mai a jarka. An kuma ga hotunan bikin sake buɗe kasuwar shanu a Nuwamba 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla, kasuwar da ta yi shekaru a rufe. Duk wannan gaskiya ne, kuma wajibi ne a rubuta shi.

Amma tsakanin waɗannan ranaku akwai dubban ranaku da ba wanda ya rubuta. Ba a rubuta yadda ake jiran rakiyar sojoji ba, yadda direbobi ke rigimar wa zai shiga gaba wa zai zo ƙarshe, kowa na son tsakiya, da yadda fasinjan da ya fi kowa cika baki a tasha yake fin kowa yawan salati da an shiga daji. Ba a rubuta yadda aka nemi sabis a 2021 ba, lokacin da mutum guda zai tafi da wayoyin unguwa a jaka zuwa inda layi ke kamawa, ya dawo da saƙonnin kowa, har da na budurwar da ba a so iyaye su sani ba. Ba a rubuta yadda ake gaida wanda ya dawo daga hannun 'yan bindiga ba, inda mai zuwa barka da arziki yake rasa abin faɗa, sai shi wanda aka sako ɗin ne zai kawar da nauyin da wata maganar raha. Mun ga wannan da idonmu, kuma mun ga yadda dariyar ta sa matar gidan ta samu damar yin kukan da ta daɗe tana riƙewa. Idan ba a adana irin waɗannan ba, jikokinmu za su gaji adadin matattu kawai, ba za su san yadda rayayyu suka yi suka rayu ba.

Ga Masu Sha'awar Rubutu

Tun da kyamara tana da haɗari a wurinmu, kuma tana da tsada, alƙalami ne ya rage, kuma a wannan fage ya fi ta. Marubuci yana iya sauya suna da kama da unguwa ya bar gaskiyar al'amarin yadda take. Ga abin da muke ganin za a koya daga wannan shiri da kuma magabatanmu.

A fara da ƙaramin abu. Yawancin rubuce-rubucen da matasa ke kawo mana suna farawa ne da "matsalar tsaro a Arewa", su ƙare da kira ga gwamnati. A gwada farawa da layin famfo, ko da yadda ake cinikin sa tsakanin mutanen da suka yi shekaru ba su haɗu a kara ba. Babban jigo zai biyo baya da ƙafarsa.

A riƙe ɗan littafi a aljihu, a rubuta magana yadda aka faɗe ta, da karin harshen mai ita. An ce Wilson yakan tara hotuna masu ɗimbin yawa kafin ya zaɓi kaɗan, kuma duk wanda ya kalli shirin zai ga alamar haka. Wanda bai tara ba, ba shi da abin zaɓa.

Marubuci ya sa kansa cikin waɗanda ake yi wa dariya. Wilson ya fi kowa zama abin dariya a shirinsa, shi ya sa muke yafe masa. Malamin da zai rubuta tsoron fasinjoji, ya fara da ranar da shi kansa ya ɓuya a ƙarƙashin teburin ofis saboda fashewar tayar mota.

A ƙarshe, a san mai dariyar. Wanda aka sace yana da ikon mayar da wahalarsa abin raha, maƙwabcinsa ba shi da wannan iko sai da izninsa. Gwajin da muke ba ɗalibanmu shi ne: za ka iya karanta abin da ka rubuta a gaban mutumin da ka rubuta a kansa, ya yi dariya tare da kai? In ba za ka iya ba, zambo ka yi, sai a sake zama.

Kammalawa

Mun duba zubi da jigon How To with John Wilson, mun nuna cewa lurar da ta ba shi daraja ita ce ta ba Samanja da Karambana tasu, mun kuma faɗi inda shi da masu barkwancinmu suka yi tuntuɓe. Shawararmu ga shugabannin wannan ƙungiya ita ce a ware shafi biyu a kowace fitowa don gajerun rubuce-rubuce na gaskiya masu take "Yadda Ake...", kowane reshe ya aiko da na garinsu. Mu a nan mun riga mun ba 'yan ajinmu na ƙarshe wannan aiki, kuma wata yarinya ta kawo shafi uku a kan yadda ake ɓoye akuya a ɗaki ba tare da ta yi kuka ba. In edita ya ba da fili, da ita za mu fara. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.